Abin da Sabon Baka Ya Koya Mini

A gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar wurin adana kayan tarihi a 1958, na ga kwari da baka irin waɗanda Kabawa suka yi yaƙi da su. Kallon nan ne ya ruɗe ni, ni ma'aikacin ofis a Birnin Kebbi mai ɗan tumbi, har na sayi baka a hannun wani tsohon maharbi.

1. Ba a tanƙwara sabon baka rana ɗaya. Tsohon ya ce, "Ɗana, ka riƙa jan shi kaɗan-kaɗan har itacen ya saba, kana shafa masa man kaɗe." Na ce, "To, Baba." Ina isa gida maƙwabta suka taru kallo, ni kuwa na ɗame shi har kunne. Sai na ji ƙas! Tsagar ba ta yi zurfi ba, an naɗe ta da fata, amma har yau duk wanda ya ɗauki bakan nan wurin yake fara tambaya.

2. Tsirkiya tana bin yanayi. Ta fata ce murɗaɗɗiya, fata kuwa shan danshi take yi. Da damina, lokacin da fadamar Rima ta cika, sai ta saki. Kowane harbi ta zabge ni a wuyan hannu, har matata ta fara tambayar da wa nake faɗa. Da hunturu ya shigo ta bushe, ta ɗaure tamau, tana neman ƙarasa itacen. Awon da aka nuna mini mai sauƙi ne: ka dunƙule hannu a kan mariƙi, ka miƙe babban yatsa, ya taɓo tsirkiya. In tazarar ta gaza, a kwance tsirkiyar a ƙara murɗa ta. In ta wuce, a warware kaɗan. Maharban Ingila na dā ma da hannu suke wannan awo. Wannan sauyin yanayi ne ya sa mai niyyar gasar harbi a bikin kamun kifi na Argungu, wanda akan yi wajen Fabrairu ko Maris, ba ya dogara da ɗaurin da ya yi a watan Agusta.

3. Yawancin laifin da ake ɗora wa baka na kibiya ne. Kibanmu ba su da gashin tsuntsu a gindi kamar na Turawa. Nauyin ƙarfen da maƙeri ya ƙera a baki shi ke riƙe su a hanya. Na daɗe ina zagin baka, ashe kyauron ne a karkace, kawunan kuma kowanne da nauyinsa. Tsohon bai ko kalli bakan ba. Ya ɗaga kowace kibiya ya saita ta da ido ɗaya, ya gasa masu lanƙwasa a bakin garwashi ya miƙar, ya ware rabi gefe ya ce, "Waɗannan ka ba yara."

4. Ba a sakin tsirkiya babu kibiya. Ƙarfin da ya kamata kibiya ta tafi da shi, itacen yake komawa. Baƙi kuwa, babba da yaro, hannunsu ba ya haƙuri. Da sun ɗauka sai sun ja sun saki don su ji ƙara. Yanzu ina gama harbi nake sassauta tsirkiyar, in rataye bakan a ɗakin da baƙo ba ya shiga.