Ƙarar Butar Baba

Mu bakwai ne a gidanmu, huɗu maza, kuma dukkanmu mun san ƙarar butar Baba. Kusan shekara biyu yana tashi sau huɗu ko biyar kafin asuba, ya daɗe a bayi, ya fito yana sauke numfashi. Da safe mu durƙusa mu ce, "Baba, an tashi lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau." A nan maganar take tsayawa. Wane ɗa ne zai tambayi mahaifinsa yadda fitsarinsa yake fita? Muka ce tsufa ne, dangi suka ce sanyi ne, aka yi ta kawo jiƙe-jiƙe.

Ranar da fitsarin ya ƙi fita sam muka kwashe shi zuwa asibiti, aka sa masa roba. Likita ya zana mana abin a takarda. Sunansa furostet, ɗan ƙullutu ne kamar goro a ƙarƙashin mafitsarar namiji, yana kewaye da hanyar fitsari. Yakan kumbura da shekaru, kuma sau da yawa kumburin ba daji ba ne. Don a tantance, aka ɗebi jinin Baba aka yi gwajin PSA, likita ya sa safar hannu ya taɓa ƙullutun ta dubura, daga baya aka ciro ɗan nama da allura aka kai ɗakin gwaji. Daji ne. Hoto ya nuna har ya kai ƙashin baya, bayan nan da muka daɗe muna shafa wa man zafi.

Likitan ya ɗago ya dube mu. "Ku nawa ne maza? Babbanku shekararsa nawa?" Ya ce wannan ne dajin da ya fi kama maza a Najeriya, kuma a farkonsa yawanci ba ya nuna alama ko ɗaya. Haɗarinsa yana ƙaruwa bayan shekara 50, ya fi yawa ga baƙar fata, ya ƙara yawa ga wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya kamu. Irinmu, in ji shi, daga 45 ya kamata mu fara zuwa. Ya ba mu misalin Desmond Tutu na Afirka ta Kudu, wanda aka gano masa ciwon a 1997 ya kuma rayu har 2021.

A mota Yaya Babba ya rantse shi babu mai yi masa wannan gwajin yatsan. Muka yi dariya, amma a zuci duk muna bayansa. Baba, da muka ɗauka barci yake yi, ya buɗe ido ya ce, "Kunyar nan ita na ji. Ku je."

Mu ukun da muka haura 45 muka je. Gwajin jinin ɗayanmu ya ɗan hau, muka yi makonni ba barcin kirki. Aka maimaita, aka yi hoto, aka ce kumburi ne kawai, ya riƙa dawowa ana dubawa.

Baba yana karɓar allura duk wata uku don a rage wa ciwon gudu. Yanzu in mun gaishe shi da safe mukan ƙara da, "Sau nawa aka tashi jiya, Baba?" Yakan harare mu tukuna, sannan ya faɗa.