Hankaka: Ɓarawon 'Ya'ya Ko Uban Riƙo?

Duk Bahaushen da ya tashi a karkara ya san kirarin hankaka, watau mai da ɗan wani naka. Bayanin da manya suka ba mu muna yara a Yalwan Damai, cikin ƙasar Birnin Kudu, shi ne wai hankaka ba ya yin ƙwai balle ƙyanƙyasa. In yana son ɗa, sai ya suri ɗan tsako ko ɗan wani tsuntsu ya kai sheƙarsa, ya yi ta renonsa har ya rikiɗa ya zama hankaka. Daga nan maganar ta shiga bakin jama'a, har in ɗalibi ya kwafe aikin ɗan'uwansa ya sa sunansa, sai mu ce ya yi halin hankaka.

Akwai dalilin da ya sa wannan kirari ya tsaya mini a rai. Ni ɗan riƙo ne. Tun daga yaye goggona ta ɗauke ni, a ɗakinta na yi wayo, kuma a wurinta na fara ganin mutum yana ciyar da hankaka. Kullum da safe in ta kankare tukunyar tuwo, takan watsa ragowar ƙanzon a gindin rumbu. Kafin ta juya, sai ga hankaki biyu sun taso daga giginyar bayan gari, baƙaƙe wul, da farin ƙirji da farar wuya, kamar sun ɗora falmaran a kan riga. Wata maƙwabciyarmu takan tsokane ta ta ce, "Yaya, ke da hankaka ai halinku ɗaya, kun mai da ɗan wani naku." Ita kuwa sai ta ce, "To, wanda ya ci da ɗan wani ai bai yi abin kunya ba."

Wanda ya zauna ya zuba wa tsuntsun nan ido zai ga abin mamaki. Ba sa sauka tare. Ɗaya yakan tsaya kan katanga yana gadi, ɗayan ya sauko yana tafiya a kaikaice, ido ɗaya kan ƙanzo, ɗaya kan mutane. In ƙanzon ya yi tauri, sai ya kai shi kaskon ruwan kaji ya jiƙa. In ya ƙoshi, sai ya ɓoye saura ƙarƙashin kara, ya dawo masa da yamma. Goggo takan wuce su da taki biyu ba su motsa ba, amma akwai wani yaro mai harbi da danƙo a unguwarmu, ko hannu rabbana ya shigo, sai su tashi su cika gida da kuka.

Sai da na zo jami'a na karanta cewa masana sun gwada wannan abu. A 2006 Farfesa John Marzluff na Jami'ar Washinton da ke Siyatil a Amurka ya sa mutanensa suka rufe fuska da wata fuskar roba, suka kama hankakan can guda bakwai, suka sa musu alama a ƙafa suka sake su. Shekaru bayan haka, duk wanda ya sa wannan fuska sai hankaki su bi shi da tsawa, har da waɗanda ba a taɓa kamawa ba. Hankakan Amurka baƙi ne ƙirin, ba irin namu ba, amma dangi ɗaya ne, kuma abin da goggo ta sani a gindin rumbu shi suka tabbatar: hankaka yana gane fuska, yana kuma riƙe alheri da sharri.

To, mu koma ga ƙarar da aka kai shi. Hankaka yana yin ƙwai. Miji da mata ke haɗa sheƙa da ƙirare, su shimfiɗe cikinta da tsumma da gashi, macen ta zuba ƙwai kamar huɗu ko biyar, kore-kore masu ɗigon ruwan ƙasa, ta kwanta a kansu kusan mako uku. Abin da ya hana mutane gani shi ne nisan wurin, gama can ƙololuwar giginya ko kuka yake gini, yanzu kuma har kan dogon ƙarfen sabis na waya.

Ga inda zancen ya yi daɗi. Akwai wani tsuntsu mai tukku da dogon jela, bayansa toka-toka da ɗigon fari, daga dangin da Turawa ke kira kuku. Shi ba ya gina sheƙa sam. Macen takan faki idon hankaka ta zuba ƙwanta cikin nasa ta yi gaba. Hankaka ya kwanta a kai, ya ƙyanƙyashe, ya yi ta jigilar abinci ga ɗan da ba nasa ba har ya yi fiffike. Wasu masana biyu, Mundy da Cook, sun bi sheƙun hankaki a Sakkwato, suka buga abin da suka gani game da tsuntsayen nan biyu a mujallar Ostrich a 1977. A ganina, wani cikin kakanninmu ya taɓa hawa giginya ya tarar da baƙon ɗa a sheƙar hankaka. Idonsa bai yi ƙarya ba, fassarar ce ta karkace: aka ajiye wa hankaka ɗa, ya riƙe, aka ce sata ya yi.

Kada mai karatu ya ce na wanke shi tas. Hankaka yana shan ƙwan kaji, yana kuma surar 'yan tsaki, shi ya sa goggo ba ta watsa ƙanzo sai ta kife nata cikin akurki. Amma a auna da aikinsa. Yana cin fara da mushe da ƙazantar kwata. Dattawanmu sun ce da can ranar kasuwa ungulu sukan rufe rumfar mahauta, yau kuwa sai ka zaga kasuwannin Birnin Kudu da Gwaram da ƙyar ka ga ɗaya, gama guba da masu neman kanta don magani sun tasar mata, har a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin masu gab da ƙarewa. Wa ya saura yana wannan shara? Hankaka da shirwa. Mu tuna kuma, a aya ta 31 ta Suratul Ma'ida, hankaka Allah ya aiko yana tonon ƙasa, ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai binne ɗan'uwansa.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗaliban Hausa, ga roƙona. In mun je hutu muna tattara karin magana da kirari daga bakin tsofaffi, kada mu tsaya ga rubutawa da fassarawa kurum. Kowane kirarin tsuntsu wani ne ya gani da ido kafin ya faɗa, to mu ma mu fita mu duba. Mu tambayi makiyaya da masu hawan giginya, mu rubuta sunan kowane tsuntsu tun yana nan, kada ya bi sawun ungulu ya bar mu da karin magana babu mai ita. Mu kuma ja kunnen ƙannenmu masu danƙo. Allah ya sa mu dace, amin.