Rigimar Burauza Tsakanina da Ɗana

A wannan wata wata 'yar rigima ta cikin gida zan kawo muku, wadda ta tashi tsakanina da babban ɗana a kan tsohuwar kwamfutarmu, domin na san ba ni kaɗai ke fama da irinta ba a Treichville da Adjamé.

Kwamfutar ta gwanjo ce, a Black Market ta Adjamé na saye ta. Da ita nake shirya darasi, da ita nake tattara makin yaran ajina. Shi kuma yaron na ba shi izinin yin wasa da ita ranar Laraba da yamma da ranar Asabar. Rannan na dawo daga makaranta na kunna ta, sai na tarar da wani abu baƙi da ja ya cika mini fuska. Na ce, "Kai, mene ne wannan?" Ya ce, "Baba, Opera GX ne. Burauzan 'yan wasa ke nan, ya fi naka gudu." Burauza dai ita ce manhajar da ake shiga intanet da ita, wadda yaranmu 'yan lakkol ke kira nabigater.

Raina ya ɓaci, gaskiya. Ni da Internet Explorer na fara sanin intanet, a ɗakunan siba na Treichville, lokacin ina ɗalibi a CAFOP, mu biya kuɗin awa guda rabi ya ƙare a jiran shafi ya buɗe. Daga baya na koma Firefox, wanda ya fito a 2004, sa'an nan Chrome, wanda ya fito a 2008, kuma nan na yi zamana. Yanzu ɗan da na haifa zai ce mini na tsufa a kan hanya? Amma malami ba ya yanke hukunci bai duba takarda ba. Na ce mu yi mako biyu muna gwadawa.

Abu na farko da na gane ya sanyaya mini jiki, ya sanyaya masa. Ashe Chrome da Edge da Opera da Brave duk inji ɗaya ne a cikinsu, wanda ake kira Chromium. Opera ya koma kansa a 2013, Edge kuma a 2020. Kamar motocin gbaka ne da ke cika tashar Adjamé: fenti daban, rubutun baya daban, amma in ka buɗe gaba abu ɗaya za ka gani. A cikin waɗanda muka gwada, Firefox ne kaɗai ke da injinsa na kansa, mai suna Gecko. Saboda haka maganar wani ya ninka wani gudu, a kan kwamfutarmu dai, ba mu gan ta ba.

Na koma wurin yaron da ya sayar mini da ita, wani ɗan Maraɗi mai kaifin basira. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ba burauza ce ciwonku ba. RAM ɗinku giga 4 ne kawai." Ya kwatanta mini da teburin aji. Kowane shafi da ka buɗe littafi ne ka shimfiɗa a kai, in tebur ƙarami ne, da ka jera goma sai hannu ya rasa wurin rubutu. To, nan ne Opera GX, wanda aka fitar a 2019, yake da dabararsa. Yana da maɓallin da za ka ƙayyade masa iyakar RAM da ƙarfin inji da intanet da zai ci. Amma amfanin wannan yana ga mai buga babban wasa da aka girka a kwamfuta, ya bar burauza a gefe, don kada ta cinye wa wasan wuri. Ɗana kuwa a cikin burauzan yake wasanninsa. In ya ƙuntata mata, wasan nasa ya ƙuntata wa. Da na yi masa wannan bayani shiru ya yi, irin shirun yaron da aka kama da amsar maƙwabcinsa.

Edge, wanda ke zuwa tare da Windows, ni ma ban taɓa kallonsa da mutunci ba, don ina ganinsa ɗan Internet Explorer ne, wanda aka yi wa ritaya a 2022. Ashe yana sa shafukan da ka daɗe ba ka taɓa ba su yi barci, tebur ya sami sarari. Chrome ma ya samu irin wannan daga baya. A aikina na makaranta, Edge bai ba ni kunya ba.

A wayar salula maganar kuɗi ce tsantsa. Opera Mini yana bi da shafi ta kwamfutocin kamfaninsa, su matse shi kafin ya iso gare ka, don haka fas ɗinka ya fi daɗewa. Chrome ya taɓa samun irin wannan tanadi a Android, aka cire shi a 2022. Don karanta labarai Opera Mini ya isa. Amma shawarata ga iyaye, in za ku yi rajistar yara ta intanet ko duba sakamakon BEPC da BAC, ku yi da cikakken burauza, domin matsewar nan takan hana wasu maɓallai aiki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa ba gudu ba ne. Ina zaune kusa da yaron yana wasan tseren mota a wani shafi na kyauta, sai na ga tallar cacar ƙwallo tana ƙyalli a gefe, wai ka zuba kaɗan ka kwashi da yawa. Yaro ɗan shekara 14! Na san samari a unguwarmu masu dako a tashar jiragen ruwa, da wannan abu ya cinye musu guminsu na wata. Da a ce ban zauna gwajin nan ba, da ban sani ba. Tun ranar na daina tambayar wanne ya fi gudu, na koma tambayar wanne ya fi tsare ƙofa. Brave yana toshe talla tun daga fitowarsa. Opera ma yana da matoshi, sai ka kunna. Firefox kuma yana karɓar uBlock Origin, har a wayar Android, inda Chrome ba ya karɓar irin waɗannan ƙari. Kuma tallar da aka toshe ba ta cin fas.

Ɗana ya tuna mini da ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, Abidjan ta yi tsit. Ya ce ranar ba burauzan da ya yi rana sai Chrome, saboda ɗan wasan dabbar nan mai tsallake ƙaya da ke fitowa in babu intanet. Na ce wannan maki ɗaya na ba shi.

Ga yadda muka rabu. Na buɗe masa nasa asusun a kwamfutar, ya riƙe Opera GX ɗinsa tunda launin ne ke burge shi, da sharaɗin matoshin talla a kunne yake kullum, kuma a falo za a yi wasa, inda ni ko mahaifiyarsa ke gani. Ni na ɗauki Edge don aikin makaranta, Firefox a waya. Ɗan Maraɗin kuma ya ce in kawo kwamfutar ƙarshen wata ya ƙara mata RAM ta kai giga 8, yaron ya yi alkawarin sa kuɗin barka da sallarsa a ciki.