Babansu Yana Gida

Da ƙarfe bakwai da rabi na safe, duk wanda ya tsaya a bakin titi a Kano ko Kaduna ko Zariya zai ga magidanta a kan babura, yaro ɗaya a gaba kan tanki, biyu a baya, kowanne rungume da jakar makaranta da kwandon abinci. Yanzu ba mai ɗaga kai ya kalle su. Kai yara makaranta ya shiga sahun cefane da biyan kuɗin wuta, aikin waje ne, don haka na maigida ne. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne inda wasunsu ke nufa bayan an rufe ƙofar makaranta. Gida suke komawa. Akwai ƙaramin da bai isa aji ba, uwarsa kuwa ta kwana aiki a asibiti ba ta dawo ba, ko ta yi sammako zuwa makarantar da take koyarwa. Uban ne zai dama koko, ya sauya wa yaro famfas, ya shanya wankin da aka jiƙa tun dare, ya yi ta jijjiga har barci ya zo.

In ka haɗu da shi a masallaci da azahar ka ce, "Malam, ina ake fama yanzu?" ba zai ce maka reno yake yi ba. "Muna nan, muna ɗan buga-buga," ita ce amsar. Ko kuma, "Akwai wani abu da nake jira."

Yawancin waɗannan mazaje ba su zaɓi zaman ba, hali ne ya zaunar da su. Aikin albashi da ya riƙe gidajen talakawan birni ya daɗe da tsiyayewa. Masaƙar KTL ta Kaduna ta tsaya a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, unguwar masana'antu ta Kakuri ta yi tsit. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano da yawansu sun koma ɗakunan ajiyar kaya. A wannan tsakanin ne kuma 'yan matan da aka bari suka yi karatu suka fito malamai da nas-nas da ungozomomi, masu ɗan abin da ke shigowa kowane ƙarshen wata, ko da ba ya isa. Wasu ba su da takardar komai, amma suna sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp, ciniki kuma yana fitar da su. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, akwai magidancin da in ya fita, kuɗin motarsa ya fi abin da zai samo. Lissafin ba ya buƙatar alƙalami.

Gidan ma ya sauya. A babban gida irin na da, jariri ba ya rasa hannu. Ga kaka, ga gwaggo, ga kishiya, ga faccala, ga 'yan mata huɗu ko biyar masu rigimar wa zai goya. Uba yana iya zama a zaure har yaro ya yi wayo bai taɓa sanin yadda ake tsarkake shi ba, kuma ba wanda ya cutu. Yau ma'aurata suna cikin ciki da falo na haya a bayan gari, kaka tana ƙauye, ƙanwar da za a ɗauko ta yi reno ita ma tana makaranta, 'yar aiki kuwa sai mai hali. In uwa ta fita, babba ɗaya ne ya rage a gidan.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kunyar. Babu aiki ɗaya a cikin waɗannan da namiji Bahaushe ba ya yi a bainar jama'a. Mai shayi yana soya ƙwai, ya dafa taliya, ya tsuguna ya wanke kofuna a gaban kowa, kuma sunansa mai sana'a. Mai wanki da guga yana karɓar ƙullin kayan gida har da na jarirai, ya wanke, ya shanya a fili. Mai tsire yana yanka albasa da tumatir yadda uwargida ba za ta nuna masa komai ba. Ɗan ga-ruwa yana cika randunan unguwa. Duk wanda ya yi almajiranci ko makarantar kwana ya iya hura wuta da wanke tukunya. Amma mutumin da ya soya wa baƙi talatin ƙwai a daren jiya a kan teburinsa, in zai soya wa 'yarsa guda ɗaya da safe, sai ya leƙa ya ga ko an saki labule. Ashe dai ba aikin ne ke jawo gori ba. Rashin lada a hannu ne, da kuma zargin cewa mace ce ta sa shi.

A majalisa an riga an tanadar masa suna: mijin-ta-ce, ko mijin Hajiya in matar ce mai albashi. Amma ba'ar maza da sauƙi, ana yi ana dariya. Wadda ta fi zafi daga mata take fitowa. Uwar miji ta zo ba zato, ta tarar da ɗanta tsugune gaban baho yana cuɗa wandunan yaro, sai salati: "An shanye mini ɗa!" Maganar za ta kai ƙauye kafin ita ta koma. Maƙwabciya kuwa da kyakkyawar niyya take zuwa. Ta ji kuka, ta leƙo, ta miƙa hannu: "Kawo shi nan, Baban Ummi, ina uwar tasa?" Taimako ne, Allah ya saka mata, amma a cikinsa akwai hukuncin cewa yaron yana hannun da bai dace ba. Haka ma ranar rigakafi a asibitin sha-ka-tafi. Benci cike da mata, namiji ɗaya a tsaye can gefe da kati a hannu da yaro a kafaɗa, tambayar farko da za a yi masa ita ce ko maman lafiya.

A kafaɗa, na ce, domin akwai iyakar da har yanzu ba a ƙetare ba. Uba zai ɗauki ɗansa a hannu, ya saɓa shi a wuya, ya kwantar da shi a ƙirji, amma zani da majanyi a bayan namiji sai a wasan kwaikwayo. Wanda kuwa ya taɓa ƙoƙarin tuƙa tuwo da hannu ɗaya ya san goyo dabara ce ta aiki.

Wani ɓangare na wannan nisa tsakanin uba da ɗansa gado ne. Mun taso mun ga iyaye suna kunyar ɗan fari, ba sa kama sunansa, ba sa wasa da shi a gaban manya. Mai haihuwar fari tana tafiya gidansu wankan jego, sai ta yi arba'in ko fiye. In lokacin yaye ya zo, a kai yaro wajen kaka. Tsari ne mai kyau a zamanin da hannaye suka yi yawa. Addini kuma bai taɓa hana uba kusantar ɗansa ba. Kowane ɗan Islamiyya ya san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla ɗauke da jikarsa Umama, kuma Nana A'isha ta ba da labarin yadda yake taya iyalinsa hidimar gida. Ana karanta wannan a wa'azi, a yi kabbara, a watse, kowa ya koma gida ya jira a kawo masa ruwan wanke hannu.

Sai dai kada a raina abin da ke cin ran uban da ke zaman gida. Ciyarwa wajibi ce a kansa, ya sani, surukansa sun sani. Abin da yake ɓoyewa da ya ce buga-buga ba famfas ba ne, shinkafar da ke kan wuta ce, wadda albashin matarsa ya saya. Wannan ciwo ne na gaskiya, kuma wa'azin zamani ba ya warkar da shi. Amma marasa aikin iri biyu ne. Ɗaya ya zauna da yaro. Ɗayan ya kafa hula ya tafi gindin bishiya tun hantsi, ya bar jariri a hannun yarinya 'yar shekara bakwai da aka hana zuwa makaranta ranar. Na biyun gari bai raɗa masa suna ba.

A wasu ƙasashe ana ƙirga irin waɗannan iyaye. Cibiyar bincike ta Pew ta ce a Amurka, cikin iyayen da ke zaman gida da yara, kashi 18 cikin ɗari maza ne a 2021, alhali a 1989 kashi 11 ne, kuma da yawansu can ma rashin lafiya ko rashin aiki ne ya zaunar da su. Suwidin ta bai wa uwa da uba hutun reno tun 1974, yawancin maza suka ƙi ɗauka, sai da aka ware wa uba wata guda a 1995, wanda in bai karɓa ba ya tafi a banza. A Nijeriya, gwamnatin tarayya ta amince a 2021 da hutun kwana 14 ga ma'aikacinta da aka yi wa haihuwa. Ya isa a yi suna a sallami baƙi, mai jego kuwa ko rabin wanka ba ta yi ba. Dabarar da ta fi burge ni ta Damagaram ce, inda tun 2008 hukumar UNFPA ta fara makarantar mazaje: magidanta su zauna su tattauna zuwa awon ciki da haihuwa a asibiti, su ja hankalin 'yan'uwansu. Waɗanda suka tsara ta sun gane cewa namiji ya fi tsoron bakin abokan zamansa a kan kowace doka.

Ba kuma cewa nake a rataya wa kowane uba mai reno lambar yabo ba. A gidaje da yawa matar tana dawowa da la'asar a gajiye, ta ajiye jaka ta ɗora tukunya, shi kuma ya miƙa mata yaro tun daga bakin ƙofa kamar wanda ya sauke farali. Wuni ɗaya da ya yi ana ta labari, ita ta yi shekaru ba wanda ya ce sannu. 'Ya'yansa ne, ba alfarma yake yi wa kowa ba.

Roƙona ƙarami ne. In ka je gidan abokinka da hantsi ka same shi yana ba yaro koko, ku gaisa, ka tambayi lafiyar iyali, ka faɗi abin da ya kawo ka. Ba sai ka kai labarin majalisa ba.