Waiwaye: Butar Kawu da Gashin Bakin Nuwamba

Ranar Lahadi, tun kafin rana ta yi zafi, karar Illela ta gama cika. Shanu daga Ƙonni da Tawa, raƙuma daga can arewa, manyan motocin da za su kwashe su zuwa kudu suna jere a bakin hanya. Kawuna dillali ne a wannan kara, ni kuma a tsakiyar shekarun 1980 ni ne ɗan riƙe masa buta da tabarma. Mutum ne wanda idan ya kama hannun mai saye ya ɗora a kan na mai sayarwa, ciniki ya faɗa ke nan, babu mai tayar da shi.

A wata shekara sai na lura butar ta fara ƙarewa da wuri. Ana tsakiyar tayi sai ya ce, "Kai yaro, miƙo min butar ga," ya zagaya bayan katanga, ya daɗe bai dawo ba. Abokansa dillalai suka mayar da abin wasa: "Alhaji, shayin Buzaye ya yi maka yawa." Shi ma ya yi dariya. Mahaifiyata, wadda ƙanwarsa ce, ita kaɗai ta taɓa tararsa da maganar, bayan matarsa ta tsegunta mata cewa yakan tashi sau biyar, sau shida a dare.

"Yaya, mi ka damun ka?"

"Ba komi. Ɗan sanyi na, ina shan magani."

Maganin kuwa daga wurin mai lasifika ne, irin waɗanda ke kafa mota a bakin kasuwa suna lissafa cututtukan maza ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya sha na sanyi, ya sha na basir. Da baya ya fara ciwo aka ce basir ɗin ne ya hau. Aka ci shekara biyu a haka, har daren da fitsari ya tsaya cak. Da asuba aka sa shi a fijo, aka bi ta Gwadabawa da Kware, tafiyar sama da kilomita 80, zuwa Sakkwato. Aka sa masa roba ya samu sauƙi, amma bayan gwaje-gwaje likita ya ja manya gefe ya ce ciwon ya riga ya shiga ƙashi. Da aka dawo gida aka ji kalmar "daji", tsofaffi suka kafe cewa daji ba ya son allura, kada a sake komawa. Bayan damina ya rasu, Allah ya jiƙansa. A zaman makoki abin da ake faɗa wa masu gaisuwa shi ne ya yi doguwar jinya. Sunan ciwon bai fito daga bakin kowa ba.

Abin da ya tuno min da butar nan shi ne wani ɗan ƙanena da ke karatu a Sakkwato. Ya zo hutu cikin Nuwamba da gashin baki zaƙo-zaƙo, ya nuna min hotuna a wayarsa: samari cikin riguna iri ɗaya da huluna hana-salla, sun yi tattakin wayar da kai. Ya ce, "Baba, Movember ke nan, don ciwon dajin maza muke yi." Na san labarin. A birnin Melbon na Ostareliya aka faro shi a 2003, lokacin da wasu mutum 30 suka yi alkawarin barin gashin baki tsawon watan Nuwamba. Daga 2004 suka fara tara kuɗi da shi, ya bazu zuwa Ingila da Amurka da Kanada. Dabarar ita ce duk wanda ya ga fuskarka ta sauya zai tambaye ka dalili, daga nan hira ta buɗe.

Na tambayi yaron ko mutum nawa suka tambaye shi dalili tun da ya iso Illela. Ya ce biyu: wanzami, wanda ya so ya san ko kuɗin aski ne ya gagara, da kakarsa, wadda ta ce ya yi kama da sabon kwastan. A garin da malamai suka karantar da mu tun muna allo cewa sunna ita ce a rage gashin baki a bar gemu, alamar ta zo a juye.

Ba zan raina abin ba. Kuɗin da aka tara ta wannan hanya masu yawa ne ƙwarai, an kuma zuba su a binciken magani. Haka wasan juye bokitin ƙanƙara a ka da ya cika Facebook a 2014, wanda ya tara wa wata ƙungiyar masu ciwon jijiya a Amurka dala miliyan 115. Amma a can, wanda gashin baki ya tunasar yana da likitan da zai gani. Yayin ya tarar da ƙofa a buɗe, aikinsa kawai tura mutum ciki. A nan, idan yayin ya wuce, abin da ke saura shi ne riga da hoto.

Mu ma ai mun san yekuwa, tun kafin waya. Duba damtsen duk wani dattijon Illela za ka ga tabon lamba. A ƙarshen shekarun 1960 ne aka yi gagarumin rigakafin agana a Afirka ta Yamma. Mahaifina ya ce sankira ne ya zagaya gari da dare da saƙon hakimi, da safe masu allura suka tsaya ƙarƙashin itace, mai unguwa ya fara miƙa nasa hannun. A 1980 aka bayyana cewa agana ta ƙare a duniya. A zamaninmu kuma, lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, Rediyon Rima ya yi ta nanata ruwan gishiri da sukari har iyayenmu mata suka haddace ma'aunin. Kurkunu, wanda ya kwantar da mutane sama da 600,000 a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, da ƙyallen tace ruwa aka yaƙe shi ƙauye-ƙauye, Janar Yakubu Gowon na bi yana roƙon sarakuna da gwamnoni, har aka ba ƙasar shaidar rabuwa da shi a 2013. Shan inna ya fi koya mana darasi. A 2003 jita-jita ta tsayar da rigakafin a sassan Arewa duk da tallan da ake yi. Sai da sarakuna, ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, suka ɗauki abin a kansu, suna ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu a bainar jama'a, kafin a ci nasara a kan cutar a 2020.

Duk waɗannan, bakin da aka sani ne ya kawo saƙon, kuma maganin yana tsaye a bayan mai shelar. Ba a taɓa ce wa mutum "ka waye" a sallame shi hannu wofi ba.

Akwai kuma abin da yayin Nuwamba bai san da shi ba, domin ba a ƙasarsa yake ba. Muna yara, bayan ruwa ya sauka, wuni muke a kududdufan bayan gari, wani lokaci har tafkin Kalmalo. Da yawanmu mun yi fitsarin jini. Manya suka ce zafin rana ne, wasu ma suka ce alamar yaro ya fara zama namiji. Tsargiya ce: tsutsar da ke fita daga jikin katantanwar ruwa, ta huda fata, ta zuba ƙwai a bangon mafitsara. Idan ta yi shekaru ba a kashe ta ba, tabon na iya rikiɗewa ya zama daji. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun daɗe da nuna cewa dajin mafitsara na cikin waɗanda suka fi kama maza a yankin Sakkwato, kuma tsargiya na da hannu dumu-dumu. Maganinta 'yan ƙwayoyi ne da ake haɗiya a rana ɗaya. Ga kuma dajin hanta, wanda ƙwayar cutar hanta nau'in B ke haifarwa, gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna su ƙara masa ƙarfi. Mu da muka sha aska ɗaya a hannun wanzami ɗaya, shawara muke kiran duk abin da ya sa ido ya yi rawaya. Sai a 2004 allurar wannan cuta ta shiga jerin rigakafin jarirai a Nijeriya, ke nan yawancin magidantan yau sun wuce ba tare da ita ba.

Shi kansa ciwon da ya ɗauke Kawu har yau bai samu tsayayyen suna ba. A rediyo za ka ji "sankarar mafitsara", alhali ba mafitsarar ba ce. Wani ƙullutu ne a ƙarƙashinta, ya kewaye hanyar fitsari, likitoci na kiransa furostet. Dajinsa shi ne kan gaba a tsakanin mazan Nijeriya baki ɗaya, kuma ya fi matsa wa baƙar fata: a Ingila an ƙiyasta baƙin mutum 1 cikin 4 zai kamu a rayuwarsa, alhali a jimillar maza 1 cikin 8 ne. Da farkonsa sau da yawa ba ya nuna alama, shi ya sa ake ba namijin da ya kai 45 zuwa 50 shawarar ya tattauna da likita kan gwajin jini na PSA, musamman idan uba ko wa ya taɓa yi. Ga kuma labarin da da Kawu ya ji shi, wataƙila da bai ɓoye ba: yawancin dattawan da fitsari ke wahalarwa ba daji gare su ba, kumburin tsufa ne kawai, kuma yana da magani. Tsoron jin mummunan suna ne ke sa mutum ya ƙi zuwa inda galibi labari mai daɗi zai ji.

Sai kunya. Namijin Bahaushe ya gwammace ya ce sanyi, domin abin ya shafi al'aura da shimfiɗa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma mata sun riga mu gane haka: yoyon fitsari, da a da ake ɓoye mai shi a bayan ɗaki, yau ana kiran sunansa a rediyo, ana kai mata Sakkwato a yi musu aiki. Mai lasifika ma ya gane. Duk Lahadi yana nan, yana magana da Hausar da mahauci da ɗan kamasho ke ji, yana kwatanta ciwon dalla-dalla, kwalbar kuma tana hannunsa. Yadda yake gane ciwon kuskure ne, amma a iya isar da saƙo ya fi masu riguna iri ɗaya nesa ba kusa ba. Da a ce ranar kasuwa ɗaya a wata za a kafa rumfa kusa da kara, da ma'aikacin lafiya namiji mai furfura, sarkin dillalai ya fara shiga a ɗebi jininsa, liman ya ambata a huɗubar Juma'a, da saƙon ya haye har Ƙonni ba tare da ya nuna takarda a kan iyaka ba. Harshen ɗaya ne, dangin ɗaya, mutanenmu kuma sun saba ƙetarawa neman lafiya har asibitin Galmi.

Bara na haura 50, na je Sakkwato aka yi min gwajin. Da na dawo na zauna gaban wanzaminmu, ɗan wanda ya yi wa Kawu aski, na ba shi labarin yana rage min gashin baki. Na kira ciwon da sunansa, na kuma faɗa masa abin da ya kashe Kawu. Ya yi shiru har ya gama gefe ɗaya. Sannan ya sauke askar, ya duba ko akwai mai jin mu, ya ce a hankali, "Malam, shi gwajin ga, nawa na?"