A Koya Wa Yara Girki, A Tsare Su Daga Wuta

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, domin in yi magana da 'yan'uwana masu karatu, malamai da akawuna da sauran magidanta, a kan wani al'amari wanda galibinmu mu ke ɗauka ba namu ba ne, watau koya wa yara girki da tsare su daga haɗarin da ke cikin madafi.

Na san wani zai ce, "Ina ruwan namiji da zancen murhu? Ai wannan sha'anin mata ne." To, ɗan'uwa, yi haƙuri ka ji. Kai ne ka ke sayen itace da gawayi, kai ka ke kawo kananzir, kai ka ke kai tukunyar gas a cika, kuma kai za a aika a taso daga wurin aiki ran da tafasasshen ruwa ya zube wa ɗanka. Abin kuwa ba ƙarami ba ne, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta, a cikin bayanin da ta fitar a 2018, cewa mutum wajen 180,000 ne ƙuna ke kashewa kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashen talakawa da masu matsakaicin hali. Fatar yaro kuma ta fi ta babba laushi, saboda haka zafin da zai yi wa uba ɗan ja a hannu, shi zai saɓule wa ɗansa fata.

Ni malamin makaranta ne, na kuma yi renon 'ya'ya maza da mata, abin da na lura da shi kuwa shi ne gidajenmu sun kasu biyu a kan wannan magana. Akwai gidan da ba a barin yaro ya kusanci murhu ko kaɗan, kullum sai kora da tsawa, har yarinya ta isa aure ba ta san yadda a ke talge ba, sai saura wata guda biki a shiga koya mata dare da rana, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai kuma gidan da za a ɗora wa 'yar shekara 7 tukunyar da ta kusa kai ta tsawo, ga goyon ƙaninta a baya, uwa kuwa tana can wani sasan. Duka biyu ba su yi daidai ba. Yadda mu ke yi a makarantar allo shi ne hanya: ba a rubuta wa yaro dogon allo ran da aka kawo shi, sai ya san babbaƙu, sa'an nan farfaru, sa'an nan a ci gaba. Girki ma yana da nasa babbaƙu da farfaru, kowane abinci da a ke koya wa yaro kuwa yana tafe da darasinsa na tsaro.

Mataki na fari shi ne aikin da babu wuta a cikinsa, wanda ya dace da ɗan shekara 6 ko 7. A nan zai koyi wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci, da tsintar wake da shinkafa a faifai, da tankaɗe, da zage zogale daga jikin itacensa, da damun fura da nono da ruwa mai tsabta. Abincin da na ga ya fi kyau a fara da shi shi ne kwaɗon zogale. Babba ya dafa ganyen, ya tace, ya bar shi ya huce. Yaro ya matse ruwan, ya daka ƙuli-ƙuli a ƙaramin turmi har ya yi gari, ya zuba a kan ganyen tare da gishiri da ɗan yaji da albasa da tumatir, ya yayyafa ruwa kaɗan da man gyaɗa, ya cuɗa. Ran da yaro ya kawo wa ubansa wannan kwano ya ce shi ya yi, za ka ga farin cikin da kuɗi ba su saye. A nan ne kuma za a nuna masa wuƙa. Iyayenmu mata sun gwanance da yanka albasa da kuɓewa a tafin hannu, amma wannan gwanintar shekaru ce. Yaro ya yi yanka a bisa katako, yatsunsa a lanƙwashe, bakin wuƙa yana kallon gaba, in ya taɓa attaruhu kuwa kada ya kai hannu ido sai ya wanke da sabulu.

Kada a tashi daga wannan mataki sai yaro ya saba da rufe abinci. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno, ɓera ne ke kawo shi ta hanyar fitsarinsa da kashinsa a cikin abinci. Saboda haka rufe kwano da faifai, da rufe mazubin gari da na hatsi, aiki ne da ɗan ƙaramin yaro zai iya, ya kuwa tsare gida duka.

Mataki na biyu shi ne girkin ruwa, tun daga shekara 9 ko 10, babba yana tsaye a kai. Kafin a kunna ashana sai an duba tufafi. Yarinya ta ɗaure zanenta tamau, ta ɗaure ɗankwali, ta ajiye mayafi ko hijabi mai lilo, musamman irin na nailan, domin in ya kama wuta narkewa ya ke yi ya manne da fata. Yaro ya tuɓe riga mai faɗin hannu. A sauke goyo, a kawar da masu rarrafe. A tabbata duwatsun murhu uku sun zauna daram, tukunya ba ta rawa. In risho ne ko murhun gas a kan tebur, a juya hannun tukunya ciki, inda ƙaramin yaro ba zai miƙa hannu ya janyo ba.

Kunun tsamiya shi ne farkon wannan mataki. A jiƙa tsamiya a tace, a dama garin gero mai citta da kanumfari da ruwan tsamiyar a cikin babbar ƙwarya ko kwano, sa'an nan a sheƙa tafasasshen ruwa a kai ana juyawa da ludayi har ya yi kauri. Darasinsa shi ne: kwano a ƙasa ya ke zama, ba a kan cinya ba, kuma da fari babba ne zai zuba ruwan, yaro ya yi juyi. Ƙunar kunu muguwa ce, domin yana da kauri, yana manne wa jiki ya riƙe zafi. Kada a ajiye shi a hanyar da yara ke guje-guje.

Daga nan sai shinkafa da wake. A wanke wake gwangwani 1, a zuba a tukunya da ruwa da ɗan ƙanƙanin kanwa, a bar shi har ya fara laushi. Sa'an nan a wanke shinkafa gwangwani 2 a zuba, a sa gishiri, a rufe. In ruwa ya kusa tsotsewa sai a janye itace, a bar garwashi ya ƙarasa turara ta, a ci da mai da yaji. Darasinta biyu ne. Na ɗaya, in za a buɗe tukunya a ɗaga murfi ta gefen da ke nesa da fuska, domin tururi ya fita can, gama tururi yana ƙuna kamar ruwan da ya fito daga cikinsa, har ma ya fi. Na biyu, a sauke tukunya da busasshen tsumma mai kauri. Jiƙaƙƙen tsumma yana shigar da zafi hannu nan da nan, bakin zane kuwa shi ke jawo wuta jiki.

Wanda ya iya waɗannan sai a kai shi ga ɗan wake. A haɗa garin wake da garin rogo da ɗan garin kuka, a kwaɓa da ruwan kanwa, a riƙa gutsura ana sakawa a tafasasshen ruwa. Yaro saboda tsoro yakan tsaya nesa ya yi jifa, wannan kuwa shi ke sa ruwa ya fantsamo masa. A nuna masa ya sauke hannu kusa da ruwa ya saki a hankali. In ya taso sama a ba shi ɗan lokaci ya nuna, sa'an nan a tsame da mataci a zuba a ruwan sanyi.

Mataki na ƙarshe shi ne suya, watau ƙosai da dankali da makamantansu, ni kuwa ban yarda a bar wa yaro kaskon mai ba sai ya kai shekara 12 ko 13, shi ma da babba a kusa. Dalili shi ne ruwa yana tafasa a ma'aunin zafi 100, amma man suya yakan kai 180. In ruwa ya faɗa cikinsa, nan take ya ke zama tururi, ya kumbura fiye da ninki 1,000, ya watsa mai ko'ina. A unguwarmu an yi wata yarinya da aka bari ita kaɗai tana suya, mai ya kama wuta, ta ɗebi ruwa a randa ta watsa, wuta ta yi sama ta lashe mata hannu da gefen fuska. Kafin a kai ta asibiti, masu taimako sun shafe ta da ɗanyen ƙwai da man goge baki, sai da ma'aikata suka sha wahalar wanke ciwon. Ta warke, amma tabon yana nan. Yarinyar ba ta yi wauta ba, abin da ta sani shi ne ruwa ke kashe wuta, ba wanda ya taɓa gaya mata cewa wutar mai dabam ce. Da ta sani, da murfi kawai za ta kife a kan kaskon, ta janye itace, ta bar shi rufe har ya huce.

Saura abin da ke wuyanmu mu magidanta. Kada a ajiye kananzir a kwalbar lemo ko gorar ruwa, domin yaro mai ƙishirwa ba ya tambaya. In har ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, gama amai na kai kananzir cikin huhu. A nufi asibiti da shi. Kada a ƙara wa risho ko fitila mai suna ci, a kuma sayi kananzir wurin amintacce, domin wanda aka gauraya da fetur fashewa ya ke yi. Mai gas ya koya wa yaransa su ƙyasta ashana tukuna kafin su buɗe, su kuma rufe kan tukunyar in an gama. In an ji warinsa, kada a kunna ashana ko a taɓa makunnin lantarki, a rufe tukunyar, a buɗe ƙofa da tagogi, domin gas ya fi iska nauyi, ƙasa ya ke kwanciya. In ana zaton yoyo, da ruwan sabulu a ke gwadawa, inda ya yi kumfa nan ne. Da hunturu kuma kada a shiga da kaskon gawayi ɗaki a rufe, domin yana fitar da wata iska marar launi marar wari, wadda likitoci ke kira kabon monoksaid, tana kashe mutum cikin barcinsa. Rushi kuwa a yayyafa masa ruwa kafin a zubar, domin samansa toka ne, ƙarƙashinsa wuta, ƙafar yaro kuma ba takalmi.

In ƙaddara ta faɗa aka ƙone, maganin farko shi ne ruwa mai sanyi mai tsabta, a yi ta kwararawa a kan wurin har minti 20, ko daga famfo ko daga buta. Ban da ƙanƙara, ban da toka, ban da gishiri, ban da manja. A cire zobe da awarwaro tun wuri bai kumbura ba, amma kada a ɓamɓare tufar da ta manne, kada a fasa bororo. A rufe da tsabtataccen ƙyalle. In ƙunar ta fi tafin hannun yaron girma, ko tana fuska, ko hannu, ko ƙafa, ko gaba, sai asibiti. In tufa ce ta kama wuta, kada ya yi gudu, gudu hura ta ya ke yi. Ya kwanta ya yi ta birgima, a lulluɓe shi da bargo. Wannan karatu ya kamata kowane yaro ya haddace shi kamar sunan ubansa.

Ina kuma roƙon kada a ware 'ya'ya maza. Gobe za su tafi makarantar kwana, ko neman ilmi, ko wurin aiki a garin da ba uwa ba ƙanwa. Masu shayi da masu tsire da kuku-kuku galibinsu maza ne, ba wanda ya ce mutuncinsu ya zube. Namijin da ya iya dama wa matarsa kunu ran da ta kwanta ciwo, ai ya ƙara daraja ne.

'Yan'uwana malamai, sai mu tsakuro ɗan lokaci mu faɗa wa almajiranmu waɗannan abubuwa, su kai gida. Magidanta kuwa, kowa ya leƙa madafin gidansa yau, ya dubi inda kananzir ya ke da wanda aka bari gaban tukunya. An ce yaro bai san wuta ba sai ya taka, to amfanin babba shi ne ya sanar da shi tun bai taka ba. Ina fatan waɗanda suka fi ni sani, musamman ma'aikatan asibiti da iyayenmu mata masu karatu, za su rubuto su ƙara mana haske. Allah ya tsare mu da zuriyarmu, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta,
Zariya.