Ranar da Aka Goye Ni a Sararin Dubai

Shekara goma sha ɗaya na yi ina zuwa Dubai saro kaya, amma iyakar sanin da na yi wa garin shi ne layukan Deira, shagunan yadi, ofishin masu aika kaya, sai masauki. Kasuwa ta koya mini hali ɗaya: ba na barin kowa ya ƙirga mini kuɗi, ba na yarda da dila sai na kwance ta da hannuna. Ko makullin shagona na Kantin Kwari a aljihuna yake kwana.

A wata tafiya ta watan Janairu, na gama sayayya da sauran kwana biyu kafin jirgina. Ɗan yayata da ke aiki a can ya same ni bayan sallar isha'i, ya miƙo mini wayarsa. Na ga mutane biyu ɗaure da juna suna faɗowa daga jirgi.

"Kawu, kullum ta ƙasa kake ganin garin nan. Na kama mana wuri, gobe ka gan shi ta sama."

Na ce, "Kai yaro, ni fa mai iyali ne."

Ya ce, "Kawu, wanda zai sauko da kai ma yana da iyali, kuma kullum gida yake kwana."

Maganar nan ita ta hana ni barci. Da asuba, bayan na idar da salla, na buga masa waya na ce ya zo mu tafi.

Filin yana kusa da Dubai Marina, titin jirginsa ya miƙe cikin teku. Aka duba fasfona domin a tabbatar da shekaruna. Aka ɗora ni a sikeli, aka tambaye ni ko ina da ciwon zuciya ko na baya, sannan aka ba ni takardun da ke faɗin hatsarin abin ƙarara. Na karanta su layi-layi kafin na sa hannu.

Sai ga malamin da zai sauko da ni, mutum mai sanyin magana, fuskarsa duk rana ta ƙona. Da ya ga tambayoyina sun yi yawa, bai ƙosa ba, ya ajiye jakar bayansa ya nuna mini komai. Laima biyu ce a ciki, babba da ta ko-ta-kwana, kuma ta biyun ƙwararre mai lasisi ne kaɗai ke naɗe ta. Akwai wata ƙaramar na'ura mai auna tsayi da gudu. Ko da shi kansa ya suma a sama, idan muka matso ƙasa muna zubowa da gudu, ita za ta buɗe laima ta biyu da kanta. Ya ce wannan dabara ta haɗa malami da baƙo a laima ɗaya a Amurka aka ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1980, kuma sunayen Ted Strong da Bill Booth ake ambata idan ana tarihinta.

Ya sa mini ɗamara mai zagaye kafaɗu da cinyoyi, ya nuna mini ƙugiyoyi huɗu, biyu a kafaɗa, biyu a ƙugu. A gidajenmu uwa ce ke goya ɗa a bayanta ta ɗaure da majanyi. A nan an juya goyon: ni a gaba, mai goyon a bayana, ba na ko ganin fuskarsa. Rabona da a goye ni ya fi shekara arba'in.

Jirgin ƙarami ne, muka zauna a jere kowa a gaban malaminsa. Kusan minti ashirin muna hawa. Ina kallon ma'aunin tsayi da ke wuyan hannunsa, lambobi suna ta ƙaruwa. Burj Khalifa, ginin da tsayinsa ya kai mita 828, wanda nake ɗaga kai har hulata ta nemi faɗuwa idan ina kallonsa, ya koma kamar allura a tsaye cikin hazo. Da muka kai ƙafa 13,000, kusan mita 4,000, na ji ya matso ya maƙala ƙugiyoyin, ya ja igiyoyin har bayana ya manne da ƙirjinsa. Ya kama hannuna ya ɗora a kan kowace ƙugiya domin in taɓa da kaina.

Aka buɗe ƙofa. Iska mai sanyi ta shigo da ƙara, kamar hunturun Jos ya faɗo cikin jirgin lokaci guda. Ɗan yayata ya waigo ya ɗaga mini babban yatsa, kafin ƙiftawar ido babu shi. Muka matsa bakin ƙofa. Na yi abin da aka koya mini: na riƙe igiyoyin ƙirji, na ɗaga kai sama, na lanƙwashe ƙafafuna baya. Bakina ya bushe ƙayau. Na yi bisimilla, na yi kalmar shahada.

Daƙiƙun farko ban san sama da ƙasa ba. Sai na ji ɗan fizga, ashe ƙaramar laimar da ke rage gudu ya jefa. Ya dafa kafaɗata, alamar in buɗe hannuwa. Abin mamaki, ban ji kamar ina faɗuwa ba. Ji na yi kamar na kwanta a kan iska tana tura ni sama, kumatuna suna kaɗawa, alhali gudunmu ya kai kusan kilomita 200 a awa. A ƙarƙashina ga tsibirin Palm Jumeirah da aka fara ginawa a cikin teku a 2001, shimfiɗe kamar bishiyar dabino da rassanta, da bakan katanga da ya zagaye ta, ruwa kuma kore shar. Minti ɗaya aka ce mun yi a haka. Ni dai na san na yi kabbara da iya ƙarfina, ban ji muryata ba.

A wajen mita 1,500 ya buɗe babbar laima. Ɗamarar ta ja cinyoyina da ƙarfi, muka miƙe tsaye a iska, ƙarar nan ta ɗauke ɗif. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Kunnuwana sun toshe, ya ce in toshe hanci in hura a hankali, suka buɗe.

Sai ya ce zai sassauta igiyoyin ƙugu domin in ji daɗin zama. Da na ji jikina ya ɗan zame ƙasa, gabana ya faɗi fiye da yadda ya faɗi a bakin ƙofa. Na damƙe igiya da hannu biyu. Ya ce da ni a kunne, "Na kafaɗa suna nan. Ina riƙe da kai." A lokacin na fahimci cewa damƙar da na yi ba ta riƙe komai. Na saki hannuwana. Daga baya ya miƙo mini igiyoyin tuƙi, na ja ta dama, laimar ta karkata da mu a kan teku kamar shirwa.

Bayan kamar minti biyar ya ce in ɗaga ƙafafuna, muka zame a kan ciyawa. Na daɗe a zaune ina hamdala, hannuwana suna rawa. Ɗan yayata ya rugo yana cewa, "Sannu Kawu! Yaya ka gani?" Na kasa amsa masa, na rungume shi kawai.

Na sha jin malamai suna bayanin tawakkali, amma a ranar na gan shi da idona. Mutanen nan sun auna ni, sun duba kowace igiya, sun tanadi laima ta biyu da na'urar da za ta buɗe ta. Bayan duk wannan, sai da lokaci ya zo da babu abin da ya rage mini illa in miƙa lamarina ga Allah, in yarda da wanda ya san aikinsa. Da na dawo Kano, na kira ƙanena da ya shekara tara yana tare da ni a shago ba tare da ko kwabo ya taɓa ɓata ba, na ba shi makulli.

Wanda duk Allah ya ba lafiya da hali ya yi niyyar gwada wannan, ya fara ganin likita, ya faɗi gaskiyar lafiyarsa, ya yi tambaya har hankalinsa ya kwanta. Idan kuma ya isa bakin ƙofa, ya yi bisimilla ya bar wa mai goyo aikinsa.